Tace Shafuka a Firewall: Ta DNS ko Ta Buɗe HTTPS?

Ga ƙaramin ofis, tacewa ta DNS (tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lambar adireshinsa) ta wadatar. A tilasta duk tambayoyin tashar 53, wadda DNS ke amfani da ita, su bi ta firewall (na'urar da ke tsaron hanyar sadarwar ofis), a toshe tashar 853 da sabobin DoH (hanyoyin aika tambayoyin DNS a ɓoye), in ba haka ba burauza za ta zagaye shingen. Illarta, sunan shafi kaɗai take gani: ko ta rufe YouTube gaba ɗaya, ko ta bar shi.

Buɗe HTTPS kuwa, wato firewall ta warware ɓoyayyen bayanin da ke tsakanin burauza da shafi, yana ganin cikakken adireshi, sai dai akwai jan aiki. Dole a girka satifiket ɗin firewall (shaidar da ke sa burauza ta amince da ita) a kowace kwamfuta, a toshe tashar UDP 443 saboda QUIC (wata hanyar sadarwa da kan kauce wa wannan bincike), a keɓe shafukan banki daga binciken. Manhajojin da ba sa karɓar satifiket sai nasu za su tsaya cak, ita ma na'urar gudunta zai ragu.