Yaya, Ga Labarin Bakwainin Nan Tamu

Assalamu alaikum Yaya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in ba ki labarin yadda ake rainon bakwaini a Ingila. Kayan aiki kam ba a magana. Yarinyar ta zo a wata bakwai, aka sa ta a kwalba, wutar asibiti ba ta taɓa ɗaukewa ba, kuma ko sisi ba mu biya ba. Har injin tatsar nono suka ba ni aro. Kunzugunta bai kai tafin hannuna ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da injinan nan, nas ɗin kullum cewa take in buɗe rigata. Sai ta ciro yarinyar da wayoyinta, ta kwantar mini a ƙirji fata da fata, ta lulluɓe mu. Ina kallon allon injin da ke aunata, numfashinta yana daidaita. Babanta ma haka yake yi da daddare, mutumin da a gida kunyar ɗaukar jariri yake ji. Wannan ɗaukar, goyon kangaru suke kiranta, da sunan dabbar nan mai goya ɗanta a jakar cikinta. A Bogota ta Kolombiya aka faro shi a 1978 saboda ƙarancin kwalba, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu. Cikin asibitocin da aka gwada hakan har da na Ile-Ife da na Kumasi.

Ma'aikatan asibitinmu sun so ba yarinyar nonon wasu mata, wanda suke ajiyewa a firiza. Na ce a dakata, saboda zumuncin shayarwa, kuma ba su matsa mini ba. Na dage da tatsa duk awa uku, Allah ya kawo ruwan nono.

Ranar da aka sallame mu na gane abin da na baro. Ba mai dama mini kunun kanwa, ba mai karɓarta in runtsa. Na yi kuka na tuna ɗakin Inna cike da gwaggonni.

Don Allah ki faɗa wa matar Yaya Babba, tunda likita ya ce tata ma tana iya zuwa da wuri: ta haihu a asibiti, sannan a ɗaure jaririn a ƙirji da zani, ku riƙa karɓa bi da bi. 'Yan barka su wanke hannu, mai mura ya tsaya a tsakar gida.