Tsohuwar tarakta: a kai wa 'yan gwangwan ko a ɗaura mata loda?

Malam, ka tambaya ko ka sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar taraktarka a kilo ko ka ɗaura mata loda. Kada ka kai Massey Ferguson 165 ɗin nan kan sikeli. Ɗaura mata loda, wato hannun ƙarfe mai bokiti da ake sa wa tarakta a gaba don ɗiban kaya. Tunda ka ce injin yana tashi kuma giya ba ta fita da kanta, abin da ya fi daraja a jikinta yana nan da ransa.

Irinta ce da ni. Tsakanin 1964 da 1975 aka ƙera su, tawa mai injin Perkins ce, silinda huɗu. Da huɗar yini guda ta fara gagararta, sai na saya mata loda ta hannu, domin aikin ɗiba ba ya cin ƙarfin inji kamar garma, nauyin jiki da haidirolik, wato ƙarfin matsin mai, yake nema. Ranar farko na tunkari tulin taki da mu huɗu kan kwana biyu muna fama da shi da cebur. Kafin rana ta take ta share wurin tas, na sauko na tsaya ina kallonta kamar yau na saye ta. Tun daga nan yashi ne, tsakuwa ce, har injin wata mota mun ɗaga da sarƙa.

Sai dai ka sani ba don loda aka yi ta ba. Duk nauyin yana sauka ne kan tayoyin gaba, alhali na baya ne ke ja. In sitiyarinka ba mai haidirolik ba ne, kafaɗarka za ta ji jiki, don haka fara da gyara wannan. Ka rataya nauyi a baya, ni ganga na cika da kankare, kuma na zuba ruwa a tayoyin baya. Famfon haidirolik da ke cikinta yana da nawa wajen ɗagawa, shi ya sa na sa wani a gaba wanda injin ke juyawa kai tsaye. Kuloci kuwa zai riƙa cinyewa saboda yawan gaba da baya. Sannan don Allah, in kana tafiya da kaya, bokitin ya zauna ƙasa-ƙasa. Tafiya da shi a sama, musamman a gangare ko kwana, ita ke kifar da tarakta.

Sayarwa a kilo kuwa, na taɓa yi da wata Massey Ferguson 135 kuma har yau da cizon yatsa nake tunawa. Kuɗi a hannu ranar, fili ya samu, amfanin ke nan. Bayan mako biyu na ga lagiretonta da famfon manta an ajiye su gefe ana neman mai saye, a kuɗin kayan gyara. In ta kama dole wata rana, ka cire batir saboda dalma, lagireto da sitata saboda tagulla da jan ƙarfe, ka sayar daban. Riƙe mayen ƙarfe a aljihu: abin da bai kama ba, kada ka bari a haɗa shi da baƙin ƙarfe. Kuma a auna motar ɗaukar kaya a gabanka, da kaya da kuma babu kaya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da loda ta hannu. Sabon fenti yakan rufe tsagewa da walda, sai ka kankare gaɓoɓin da wuƙa ka duba. Kada ka yarda da “ai tana shiga kowace tarakta”, a gwada maɗaurinta a jikin taka. Ka sa a cika bokitin, a ɗaga, a kashe inji, ku tsaya minti goma. In ya riƙa sauka da kansa, akwai inda mai ke zurarewa, ko a silindar lodar ko a bawul. A rage maka kuɗin gyara, ko ka bar masa kayansa.