Jadawalin yini ko aiki ɗaya tak ga mai ciwon damuwa?

Tun da na bayyana cewa ina fama da ciwon damuwa, ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ta Bauchi da ƙawayena na kasuwar Wunti suke ta tambayata: wanne ya fi maganin "sai anjima", tsara yini gaba ɗaya ko ɗaukar aiki ɗaya?

Kuɗi dai ba wanda yake ci, takarda da biro sun isa.

Jadawali yana sauke nauyin tunani. Na fi son a jingina shi da salloli biyar: wanki bayan Asuba, karatu bayan La'asar, babu sauran "me zan yi yanzu?" Amma haɗarinsa babba ne. Ranar da jiki ya mutu, ka dubi takarda ka ga layi 8 ba ka taɓa ko ɗaya ba, sai zargin kai ya taso, shi kuwa abincin wannan ciwo ne. Na sha kuka a kan haka.

Aiki ɗaya ya fi tausayi. Minti 5 kawai, ko wanke kofi ne. Wannan ciwo ba ya barin sha'awa ta zo da farko, sai an motsa take biyowa. Sai dai manyan ayyuka suna iya taruwa.

Wanda barcinsa ya fara daidaita, ga jarrabawa ko shago, jadawali mai sassauci zai fi masa. Wanda tashi daga shimfiɗa ma yake gagararsa, ya riƙe aiki ɗaya, ya kuma ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na ATBU.