Bita: Horon kai koke majalisa kan inshorar lafiyar ƙwaƙwalwa da ake yi a Agege

Akwai wani horo na kwana biyu, Asabar da Lahadi, da wasu lauyoyi da ma'aikatan lafiya ke shirya wa ƙungiyoyin unguwa a zauren wata makarantar firamare a Agege. Abin da suke koyarwa shi ne yadda ake kai buƙata gaban 'yan majalisa har ta shiga fayil, kuma sun gina horon kan neman inshorar lafiya ta riƙa biyan kuɗin jinyar ciwon ƙwaƙwalwa, har da cututtukan da ke lalata cin abincin mutum irin su anoreksiya (ƙin cin abinci don tsoron ƙiba har mutum ya rame) da bulimiya (cin abinci da yawa lokaci guda sannan a tilasta fitar da shi). Ƙungiya ce ke biya. Kuɗi ɗaya na ɗaukar mutum uku, da abincin rana da kundin takardu, kuma bai fi ƙarfin ƙungiyar da ke tara gudummawar wata-wata ba. A ganinmu ɓangaren majalisa ya ci kuɗinsa har da riba. Ɓangaren cutar kuwa da sauran aiki, kuma a nan ne koken mutane zai iya faɗuwa.

Safiyar Asabar ta tafi ne kan tambaya ɗaya: wa ke riƙe da me? Wannan shi ne darasi mafi amfani a horon gaba ɗaya, domin yawancin kokenmu ƙofar da ba ta dace ba muke kai shi. Majalisar Dokokin Jihar Legas da ke Alausa a Ikeja na da kujeru 40, biyu-biyu daga kowace cikin ƙananan hukumomi 20. Saboda haka mutumin Agege na da mazaɓa ta ɗaya ko ta biyu, haka mutumin Idi-Araba a ƙarƙashin Mushin. A Abuja kuma jihar na da 'yan Majalisar Wakilai 24 da sanatoci 3. Tsarin inshorar lafiya na Ilera Eko na jiha ne, hukumar inshorar lafiya ta jihar, LASHMA, ke tafiyar da shi bisa dokar 2015, don haka maganarsa ta Alausa ce. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta tarayya ce, dokarta ta 2022 ce ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, maganarta kuma ta Abuja ce. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wanda ya samo asali tun 1907, na tarayya ne. Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ma haka. Asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja shi ne na jiha. Wanda ya ɗauki kukan ƙarancin gadaje a Yaba ya kai wa ɗan majalisar jiha, za a karɓe shi da fara'a, a ba shi ruwa, a yi hoto, shi ke nan.

Masu horon sun zana wannan a allo, sannan suka sa kowace ƙungiya ta fito da katin zaɓen mambobinta ta tantance mazaɓarsu. Nan aka ga abin da ba a cika son faɗa ba: 'yan kasuwa da yawa a Mile 12 da Alaba Rago sun shekara da shekaru a Ikko amma rajistarsu na Kano ko Sakkwato. Ɗan majalisa kuwa ƙuri'a yake ƙirgawa. Shawarar da suka bayar daidai ce: waɗanda rajistarsu ke Legas su sa hannu a shafin farko tare da gundumarsu, sauran su biyo baya da lambar katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar. Idan za a samu wasiƙar rakiya daga fadar Sarkin Hausawan yankin da ta limamin Juma'a, a haɗa.

Kan dokokin da ake dogara da su ma ba su yi kwana-kwana ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Legas ta riga tarayya, tana da tata dokar tun 2019. Ma'anar wannan ga mai koke ita ce ba sabuwar doka yake nema ba. Aiwatarwa yake nema, da kuɗi a kasafi, da gyara a jerin abubuwan da inshora ke biya. Wannan jerin kuma hukuma ce ke rubuta shi, ba majalisa ba. Abin da majalisa ke iyawa shi ne ta kira hukumar gaban kwamitin lafiya, ta tambaye ta, ta matse ta lokacin kare kasafi. Mun ji daɗi da aka tsaya a kan wannan, don masu irin wannan horo da yawa suna barin mutane da mafarkin ƙudirin doka, wanda sai ya tsallake karatu uku da sauraron ra'ayin jama'a kafin ya kai teburin gwamna, shi ma yana da kwana 30 na sa hannu ko ƙi.

Bayan azahar aka shiga rubutu. Ƙa'idarsu: shafi biyu, ba ƙari. Sakin layi na farko ya faɗi su wane ne ku da yawanku. Na biyu ya faɗi matsalar. Na uku buƙata, kada ta wuce uku, kowace da sunan hukumar da za ta aiwatar. A rubuta wa Shugaban Majalisa ta hannun Akawun Majalisa, a ba shugaban kwamitin lafiya kwafi, a ba ɗan majalisar mazaɓa kwafi. A tafi da kwafi ɗaya na musamman da za a buga wa hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi gida. Sun nuna samfurin wannan kwafin, hatimi shuɗi ya ɗan karkace a kusurwar dama, da sa hannun ma'aikacin da ya karɓa. Takardar da ba ta da wannan hatimi, bayan wata guda babu wanda zai amsa cewa ya taɓa ganinta. Kura-kuran da suka lissafa duk na gaske ne: gaisuwa da kirari su cinye rabin shafi, ko a cusa maganar kwata da ta fitilun titi a koken lafiya, ko a sa lambar wayar shugaba shi kaɗai alhali ya tafi gida sallah wata biyu.

To sai Lahadi da safe, inda horon ya yi rauni.

Darasin cututtukan cin abinci kusan gaba ɗaya daga kayan Amurka aka kwaso shi. Labarin da suka kawo gaskiya ne kuma yana da darasi: Anna Westin, 'yar jihar Minnesota, ta rasu a 2000 bayan fama da anoreksiya, iyayenta suka yi ta zarya majalisar dokokin ƙasar har tanade-tanaden da ke ɗauke da sunanta suka shiga doka a Disambar 2016. Kafin nan akwai dokar 2008 da ta hana kamfanonin inshora tsaurara sharuɗɗan ciwon ƙwaƙwalwa fiye da na ciwon jiki. Amma can faɗan da kamfanoni ne masu ƙin biyan kuɗin cibiyoyin jinya da suke nan a gine. A nan matsalar ta fara tun daga ganewa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗa cewa mambobinta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Yarinyar da ta daina cin abinci ta rame, za a fara da gwajin taifot da na ulsa, a koma ruƙiyya, kafin wani ya tambaye ta me take gani idan ta duba madubi. Ɗan majalisa kuma da ya ji an ce matsalar cin abinci, tamowa zai ɗauka ake nufi, ya yi alƙawarin buhunan shinkafa. Horon bai shirya mutane wa wannan ba ko kaɗan.

Ga abin da ya kamata a ce yana cikin kundin, kuma muna ba duk ƙungiyar da za ta je shawarar ta ƙara da hannunta. A kira cutar da sunanta da lambarta a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, domin masu inshora da lamba suke aiki: F50.0 ce anoreksiya, F50.2 bulimiya a tsohon kundi na 10, a sabon kundi na 11 da ya fara aiki a 2022 kuma 6B80 da 6B81, sai 6B82 ga cin da ba a iya tsayarwa. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 14 ke fama da waɗannan cututtuka a duniya a 2019, kusan miliyan 3 daga ciki yara ne da matasa. Sannan a fayyace abin da jinyar ke ci. Mai bulimiya da ke tilasta wa kanta amai ko shan maganin gudawa, sinadarin fotasiyam ɗinta na sauka, bugun zuciya ya rikice, saboda haka tana buƙatar gwajin gishirin jini akai-akai da gwajin zuciya na ECG, da likitan haƙori don ruwan ciki na cinye haƙora. Mai anoreksiya da ta jima ba ta ci ba, haɗarin yana cikin makon farko na komawa cin abinci: in aka ɗura mata da yawa lokaci guda, fosfet da fotasiyam da magniziyam na jini su faɗi, zuciya na iya tsayawa. Shi ya sa ake kwantar da ita, a fara da kaɗan, a ba da bitamin B1 tun kafin abinci, a riƙa auna jini kusan kullum a kwanakin farko. Inshorar da ta ƙayyade kwanakin kwanciya kaɗan a shekara za ta sallame ta daidai lokacin da ta fi buƙatar gado. Jinyar tattaunawa da aka fi gwadawa ga manya zama 20 ce cikin mako 20, har zuwa 40 ga wadda ta rame ƙwarai. Tsarin da ya ce zama uku ko huɗu ya biya, bai biya komai ba.

Da wannan a hannu, buƙata na fitowa a fili: a sa cututtukan da sunansu a jerin, a biya gwajin gishirin jini da ECG ba tare da jiran izini ba, a ƙara yawan zaman tattaunawa, a haɗa da ganin masanin abinci, a kuma horar da ma'aikatan cibiyoyin lafiya na matakin farko da tsarin mhGAP, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ciwon ƙwaƙwalwa ga waɗanda ba ƙwararru ba, don su gane cutar su tura asibiti da wuri. Ɗan majalisa na iya ɗaukar irin wannan ya karanta wa shugaban hukuma a gaban kwamiti. "A taimaka wa masu taɓin hankali" kuwa ba abin da zai iya yi da ita.

Wani abin da ya ba mu mamaki, babu ko kalma kan abin da ke faruwa a gidajenmu. 'Yan mata na shan "sha ka fashe" don su yi ƙiba kafin biki, yawanci haɗin maganin buɗe ciki ne da deksametazon, wanda ke kumbura fuska, ya haura da hawan jini da sukari, kuma barinsa kwatsam bayan an jima ana sha haɗari ne. Wasu kuma shayin rage ƙiba suke sha, mai sa gudawa. Akwai masu ciki da ke cin farar ƙasa, abin da sau da yawa ke tafiya da ƙarancin jini. Ba dukansu ne ciwon ƙwaƙwalwa ba, amma da su ne ɗan majalisar da ya san Agege zai gane cewa maganar ta mazaɓarsa ce, ba ta Turai ba.

Yammacin Lahadi ya gyara wani abu. Ana zaunar da mutum ɗaya a matsayin shugaban kwamiti, da agogo a gabansa, kowace ƙungiya ta yi bayani cikin minti uku, a katse ta da tambayar "nawa zai ci, kuma daga ina kuɗin zai fito?" Mafi yawa a nan suke kakarewa. Amsar da aka koya musu ta yi: a nuna asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da asusun marasa galihu na dokar NHIA, maimakon a ce gwamnati ta nemo. Sun kuma tuna wa mutane cewa majalisar Legas na yin zaman Alhamis da Yarabanci, don haka a sa mai jin Yarabanci da Turanci sosai a tawaga. Kan kawo marar lafiya ya ba da shaida, sun tsaya kai da fata, kuma muna tare da su: sai da yardarsa a rubuce, ba hoto, ba faɗin nauyin jiki, ba a kawo wanda bai kai shekara 18 ba. Uwa ko yaya na iya magana ba tare da suna ba. A unguwar da kowa ya san kowa, kalma ɗaya na iya hana yarinya aure.

Sauran ƙananan abubuwa: zauren na da zafi da rana kuma janareto na hana na baya ji, a je da wuri a zauna gaba. An ware wa mata gefe, ana tsayawa sallah a kan lokaci. Kundin da Turanci yake, fassarar baki kawai ake yi, wanda gazawa ce ga horon da aka ce na Hausawa ne. Bibiyar da suka yi alƙawari ta wata ɗaya ce a zauren WhatsApp, za su duba daftarin koke sau ɗaya. Wata ɗaya bai isa ba, domin kasafin jiha a ƙarshen shekara ake gabatar da shi, kuma koken da ake so ya shiga sai ya isa Alausa tun wajen Agusta ko Satumba, a sake tunatarwa a 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, lokacin da 'yan siyasa ke neman abin faɗa.

Kujeru ukun da aka biya, kada a cika su da shugabanni. A tura sakatare mai iya rubutu, da mace ɗaya da mata ke gaya wa sirrinsu, da ma'aikacin lafiya ko da na kemis ne. Su tafi da littafin Ilera Eko na shekarar da ake ciki, sun riga sun ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ambaci ƙwaƙwalwa, da iyakar kwanakin kwanciya, da jerin abubuwan da ba a biya. Mai zuwa daga Mushin ko Oshodi ya duba jadawalin jirgin ƙasa na jan layi (Red Line) tukuna, yana tsayawa a Agege, in bai dace da ƙarshen mako ba sai danfo.