Sharhi: sulallan Sarki Charles guda takwas, bayan wata uku a hannuna

Wata uku ke nan da ƙanena ya kawo min wannan saiti daga Ingila, sai yanzu na ga ya dace in faɗi ra'ayina, don ba na son yabon kaya tun ban zauna da shi ba. Sulalla takwas ne na shekarar 2023, daga kwabo 1 har fam 2, waɗanda gidan buga kuɗin Birtaniya, wato Royal Mint da ke Llantrisant a yankin Wales, ya fitar bayan hawan Sarki Charles na Uku. An jera su cikin kwali mai ninki, kowanne a gurbinsa, an rufe da roba.

Zanen bayansu ne ya fara ɗaukar min hankali. Tun 2008 garkuwar sarauta ce a kan ƙananan sulallan ƙasar, wadda mai zane Matthew Dent ya yayyanka ya raba wa sulalla shida, sai ka jera su kafin ta haɗu. Wannan karon an ajiye garkuwa an koma daji da ruwa. Jan kurege a kan kwabo 2, wani tsuntsun teku mai kaurin baki a kan kwabo 20, kifin salmon a kan kwabo 50, ƙudan zuma biyu a kan fam 1. Na aro gilashin mai gyaran agogo na duba ƙudan zuman nan, har jijiyoyin fiffikensu sun fito tsaf. Lambobin kuma an yi su manya da gangan, don yara su koyi ƙirga da su.

Ina cikin dubawa sai na tashi na ɗauko gwangwanin mahaifina, Allah Ya jiƙansa. A ciki akwai sulallan Najeriya na 1959 masu kan Sarauniya: taro mai auduga, dala mai gyaɗa. Ashe mu an daɗe da sa mana abin da ƙasa ke fitarwa a kan kuɗi. Taron ma gefe 12 gare shi, daidai da fam 1 da Birtaniya ta koma amfani da shi a 2017. Na daɗe ina juya su biyun.

Kan sarkin da ke kan sababbin sulallan aikin Martin Jennings ne, ba kambi, yana kallon hagu. Al'adarsu ce tun zamanin Charles na Biyu, sabon sarki ya juya fuska saɓanin wanda ya gada. Idan ka ajiye sulen Sarauniya Elizabeth a hagu, nasa a dama, sai ka ga uwa da ɗa suna kallon juna. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Amma ga inda za a yi hattara. Kwabo 50 mai kifi na 2023 guda 200,000 kacal aka saki ya shiga hannun jama'a, ya ma fi kwabo 50 na 2009 mai tunawa da lambun Kew Gardens na Landan ƙaranci, wanda aka buga 210,000. Mai shagon da ƙanena ya saya a wurinsa ya yi ta kururuta wannan magana, bai faɗa masa cewa na cikin saiti daban ne ba. Na saiti yana da ɗan ƙaramin kambi a bayan kan sarki, wanda ake nema ruwa a jallo kuwa ba shi da shi. Abin ya ɓata min rai, don ƙanena ya zo yana murna, gani yake ya samo min abin da ba kowa ke da shi ba.

Mai neman riba kada ya sayi wannan saiti. Mai son zane da tarihinsa kuwa ya saya ba tare da fargaba ba, ya kuma bar shi a rufe, domin gumin yatsa na dusashe ƙyallin. Ƙanena dai na roƙe shi ya riƙa duba canjinsa duk lokacin da ya je cefane, ko Allah Zai sa kifin nan marar kambi ya faɗo hannunsa.