Dattijon da ya kwashe min kwalaye a Holan

Wata Asabar da safe, ana yayyafi mai shiga ƙashi, na fito da kwalaye da jaridun da muka tara na ajiye a ƙofar gida, domin ranar ce 'yan badujalar gari ke zagayen kwasar tsofaffin takardu. A nan lardin Limburg, kudancin Holan, da haka ƙungiyoyin busa da yawa suke samun kuɗin shiga: su tara takarda, a auna, a biya su. Mota ta tsaya, wani dattijo mai furfura ya ɗaga ƙunshina, sai igiyar ta tsinke, jaridu suka watse a cikin ruwa. Kafin in sunkuya ya riga ni. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa jajur saboda sanyi, ya ce wata mai zuwa in ɗaure da kyau.

Da motar ta wuce, maƙwabciyata ta ce ai wannan shi ne tsohon magajin garinmu. Wallahi ban gaskata ba sai da wata hidima ta kai ni ofishin ƙaramar hukuma, na ga hotonsa a bango da sarƙar mulki rataye a wuyansa.

Muƙamin ba ƙarami ba ne. Majalisar gari ce ke ba da suna, sarki ya sa hannu, mutum ya yi shekara 6, kuma zaman lafiyar gari yana wuyansa. Amma tun yana kan kujera har ya sauka, wannan bawan Allah bai bar sakatarancin badujala ba. Shi ke rubuta wasiƙu, shi ke neman motar da za ta kai su gasa, shi ya san wace begila aka ba wane yaro aro. Ba a biyansa ko sisi. Masu busar ma su ke biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsu: mahauci, malamar makaranta, direba, duk mako su haɗu da dare su yi atisaye. Babban burinsu shi ne gasar badujala ta duniya ta garin Kerkrade da ke nan Limburg, wadda aka fara a 1951, ake yi duk bayan shekara huɗu.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. A gida, wanda ya yi ciyaman na wata shida ko jakarsa ba zai sake riƙewa ba. Idan ya shiga ƙungiya, uban ƙungiya yake so a kira shi, ya zo a makare, a yi masa kirari, ya yi liƙi ya tafi. Littafin kuɗi kuwa babu mai tambaya. Mu talakawa ma da laifinmu, don da ya sunkuya ya ɗauki shara, cewa za mu yi ya tsiyace.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne a nan. Takarda ɗaya ba za ka karɓa a ofis ba sai ka nemi lokaci tun kwanaki kafin nan. Shara ana biya mata haraji, kuma in ka fitar da ita ba a ranarta ba kana iya shan tara. Ƙarfe shida ƙananan shaguna sun rufe, titi tsit kamar an yi shara. Maƙwabci ba ya faɗo maka gida haka kawai. Ko shayi za ku sha sai an duba kalanda. Wannan yana ci min rai har yau.

Ran 4 ga Mayu, da suke tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, na bi jama'a zuwa dandali. Dab da ƙarfe takwas na dare wata yarinya ta busa begila, gari ya yi shiru na minti biyu. Ni kuwa kakakin safiyar hawan sallah ne ya cika min kunne, har idona ya kawo ruwa. Da na waiwaya na hango dattijon can baya, riƙe da lema a kan takardun waƙar yarinyar.