Kalkuletar da na kusa mayarwa Taminus

Na saya wa 'yata kalkuletar kimiyya a kasuwar Taminus da ke Jos saboda jarrabawar WAEC da ke gabanta. Ba ta kwana ba ƙanenta ya ɗauka yana wasa, ya raba 9 da 20000. Maimakon 0.00045, sai ga 4.5×10 da wani ɗan mitsitsin ⁻⁴ maƙale a sama. Nan take raina ya ɓaci. Yaya za a raba tara gida dubu ashirin a samu huɗu da rabi? Na ce shi ke nan, an ɗora min jabu.

Washegari cikin sanyin nan na Jos na hau Keke Napep daga Unguwar Rogo. Yaron shagon ya juya ta, ya cire batir ya mayar, ya ce, "Alhaji, wallahi haka suke zuwa." Ko shi bai san dalili ba, kuma ya ce ba a mayar da kaya.

Yarinyar ce ta kunyata ni da ta dawo makaranta. Ta ce, "Baba, ai daidai ne, sitandad fom ke nan." Ta rubuta 0.00045, ta riƙa matsar da ɗigon zuwa dama har ya wuce lambar farko da ba sifili ba, wato 4. Taku huɗu ya yi, shi ya sa aka rubuta 10⁻⁴. Alamar ɗebewar nan ba bashi take nufi ba, tana nuna lambar ba ta kai ɗaya ba. Ta ce a fiziks cajin ilektron 1.6×10⁻¹⁹ ne, in za a rubuta shi a miƙe sai an jera sifili 18 bayan ɗigo, wa zai ƙirga wannan a ɗakin jarrabawa bai yi tuntuɓe ba? Ta shiga saiti ta nuna min Norm 1 da Norm 2: na farko yana juya duk abin da bai kai 0.01 ba zuwa wannan salon, na biyu kuwa yana barin sifilan har sai lambar ta yi ƙanƙanta sosai. Ta danna 2, ga 0.00045 ɗina. Sai na ji kuɗina ya halatta.

Amma fa ban yafe duka ba. Wannan ɗan rubutun na sama, in ba ka karkatar da fuskar kalkuletar wajen taga ba, alamar ɗebewar ɓacewa take. Ta riga ta taɓa kwafo 10⁴ a madadin 10⁻⁴ a aikin gida, amsar ta kumbura sau miliyan ɗari, malaminta ya zabga mata jan biro. Takardar bayani kuwa babu ita a kwalin, kuma kuɗin motata na zuwa da dawowa har yau yana min ciwo.

Ƙanwarta na tafe baɗi. Irinta zan saya, amma sai na raba 9 da 20000 a gaban mai shagon, na ga ɗebewar da idona ba tare da tabarau ba.